Yadda Shugaban Makaranta Zai Tallafa wa Malamansa Idan Manhaja da Jarrabawa Suka Sauya

Duk lokacin da aka sauya manhajar babbar sakandare, takarda ce ke isa ofishin shugaban makaranta, amma malamin aji ne ke ɗaukar kayan. An ga haka a 2011, sa'ad da hukumar NERDC, mai tsara manhajar makarantun ƙasar nan, ta shigo da darussan sana'a da ilimin zama ɗan ƙasa, aka fara jarraba ɗalibai a kansu a 2014. Ga shi kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja mai rage yawan darussa, tare da ƙudurin mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. Ga abin da ya kamata shugaban makaranta a birnin Kano ya yi kafin nauyin ya rinjayi ma'aikatansa.

Da farko, a tara shugabannin sassa, a shimfiɗa tsohuwar manhaja da sabuwa a kan tebur ɗaya, kowane sashe ya fitar da abin da aka cire, da abin da aka ƙara, da abin da suna kawai aka sauya masa. A tuna cewa manhajar koyarwa dabam take da manhajar da hukumar jarrabawa ke fitar da tambayoyi daga cikinta, kuma ba lallai ne su sauya a shekara ɗaya ba. Saboda haka sai an tabbatar a rubuce, daga Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta jiha ko daga ofishin hukumar jarrabawar, wane aji sauyin ya shafa. Saƙon da ke yawo a WhatsApp ba hujja ba ne. 'Yan aji biyar (SS2) sun fi buƙatar wannan tantancewa, domin suna da jarrabawar kwalifayin a gabansu, wadda da ita jiha ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita.

Babban taimako shi ne lokaci, kuma a nan ne shugabanni da yawa ke gazawa. Idan aka ɗora wa malamin Fiziks darasin harhaɗa sola, ko malamar Tattalin Gida darasin ɗinki, bai dace a bar musu jadawalinsu yadda yake ba. A rage musu darasi biyu ko uku a mako a zangon farko, a keɓe wannan lokaci don shirya tsarin aiki, kada kuma a cike shi da tsaron ajin wanda bai zo ba. Malamin da ke makin littattafan ɗalibai tamanin ba zai iya koyon sabon fanni da daddare ba, ko da kuwa yana da niyya.

Idan an kira bita, a tura wanda ke koyar da darasin, ba wanda ya fi girman muƙami ba, kuma ya dawo ya gabatar wa abokan aikinsa a satin. Makarantun da ke maƙwabtaka, kamar na Gwale da Dala, suna iya musayar ƙwararren malami sau ɗaya a mako.

Game da kwamfuta, malamai su fara zama su rubuta jarrabawar gwaji da kansu, da agogo yana tafiya, kafin a ce su horar da yara. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, don haka akwai cibiyoyi a cikin gari da za a iya neman aron ɗakinsu ranar Asabar. A yi wannan zama ba tare da ɗalibai ba, domin dattijon malami ba ya son yaro ya ga hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, kuma kunya na iya sa ya janye gaba ɗaya. A tanadi man janareta tun kafin ranar.

Kada a manta da jami'in jarrabawa, wanda ke shigar da makin gwajin aji da lambar shaidar ɗan ƙasa ta kowane ɗalibi. Kuskure ɗaya wajen zaɓin darussa kan hana yaro karatun da yake so a jami'a, saboda haka a haɗa shi da mataimaki, su duba rajista sau biyu kafin a tura.

Bayani ga iyaye kuwa aikin shugaba ne. Ya kira taron iyaye da malamai, ya faɗa da bakinsa darasin da aka cire da dalilinsa, domin kada uba ya tare malami a bakin ƙofa yana tuhumarsa a kan hukuncin da aka yanke a Abuja.