Masu buga wasan bidiyo na harbi CS2 (Counter-Strike 2), kada ku ɓata kuɗi kan hular kwano

Idan kana ɓangaren CT (masu yaƙi da 'yan ta'adda a wasan) kuma ka tabbatar abokan karawa AK-47 suka sayo, sayi sulke kaɗai na dala 650, ka bar hular.

Ga dalili: harsashin AK a kai yana cin kusan maki 111 na rai ko da hula, rai kuwa maki 100 ne. Harbi ɗaya, ka faɗi. Dala 350 da za ka kashe kan hular ta isa gurnetin hayaƙi.

Amma fa in aljihunsu ya bushe, bindigogi masu araha irin Glock ko MAC-10 za su riƙo. A nan hula na ceton rai, saye ta.

In kana ɓangaren T ('yan ta'adda a wasan), kada ka kuskura ka fita babu hula. M4A4, bindigar 'yan CT, tana cin 92 ne kawai a kan mai hula, sai an ƙara maka harbi na biyu.