Yadda Ɗan Kasuwa Zai Gina Shafin Shagonsa a Kan WordPress

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara Suame Magazine a nan Kumasi ya san cewa motar da ta cika gari ba a wahalar samun kayanta ko bakanikenta, kuma haka lamarin WordPress, manhajar gina shafukan intanet, yake. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fitar da ita a 2003, a ƙarƙashin lasisin GPL da ya ba kowa damar ɗauka kyauta, ya gyara, ya rarraba. A 2004 aka buɗe ƙofar ƙananan manhajoji da ake liƙa mata don ƙarin aiki, a 2005 kuma aka zo da tsare-tsaren da ke sauya kamannin shafi. Yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kanta suke, saboda haka ko wanda ya gina maka ya bar gari, ba za ka rasa mai ɗorawa daga inda ya tsaya ba.

Ka fara da sayen sunan shafi, mai ƙarewa da .com ko .com.gh, tare da hayar wurin da za a ajiye shi. A nan ne 'yan kasuwa suka fi tuntuɓe, domin sukan bar yaron da ya yi aikin ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa. Ka zauna kusa da shi a sanya naka, sannan ka rubuta kalmar sirri da ranar sabunta biya a wurin da kai kaɗai ka sani, tunda kowace shekara ake biyan kuɗin suna.

Girka WordPress ba ta da wuya, yawancin kamfanonin haya da dannawa ɗaya suke yi. Ka zaɓi tsari marar nauyi, ka gwada shi a wayarka, don mai neman atamfa daga Aboabo ko Asawase da waya zai shigo, kuma ba zai ƙona datarsa yana jiran hoto ya buɗe ba. Idan ciniki za ka yi, ka liƙa WooCommerce, ƙaramar manhajar da ke mayar da shafi shago, ka haɗa ta da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, domin a biya ka da MoMo a kuɗin sidi.

Ƙananan manhajojin WordPress na sayarwa da wasu ke rabawa kyauta a WhatsApp kuwa, a ganina gara ka haƙura da su, domin ta cikinsu masu kutse kan shigo. Kafin duk lokacin da za ka sabunta WordPress ko manhajojinta, ka sauke kwafin shafin gaba ɗaya ka ajiye a kwamfutarka.