Abin da Za Ka Duba Idan Babur Yana Gardama Wajen Tashi

Da sanyin safiyar hunturu a Zariya, sau da yawa za ka ga ɗan acaɓa a Kwangila yana ta buga kik, babur yana tari yana mutuwa. Kafin ka tura naka wurin makanike, ka tabbatar famfon mai a buɗe yake, sannan ka ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga injin, ka tayar, ka bar injin ya ɗumama kamar minti biyu kafin ka mayar da cok ɗin.

Idan gardamar ta ci gaba, kwance fulogi ka dubi bakinsa da kyau, domin a ganina nan ne ciwon ya fi bayyana. Busasshen baƙin gawayi yana nuna fetur ya rinjayi iska, kuma galibi ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska, sai a cire ta a tsaftace. Idan kuwa bakin ya yi maiƙo da baƙin mai, to wataƙila zoben fistin ne a cikin injin ya fara cinyewa, wannan aikin makanike ne. Goge fulogin da burushin waya, ka mayar masa da hularsa, ka jingina shi a jikin injin nesa da fetur, ka buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake so a gani a bakin fulogin. Ja-ja mai rauni yana nufin a sauya fulogin.

Wanda ya sayi man 'yan bumburutu kuma, ya sassauta ƙusar ƙasan kabureta ya tsiyaye man cikin kwalba. Idan akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, sai a juye tankin gaba ɗaya a wanke kaburetar.