Babi na Shida: Kiyaye Ƙuna a Wurin Girki

Wannan babi na duk mai ɗora tukunya a wuta ne: uwar gida, budurwa mai taya girki, mai tuyar ƙosai a bakin titi, har mai shayi da ke soya ƙwai da sassafe. Zan riƙa cewa "ki" saboda mata sun fi yawa a ajinmu, amma maza ku ma da ku ake. A karanta sannu a hankali. Inda bai shiga ba a koma baya a sake, ba tsere muke yi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kimanin 180,000 a kowace shekara. Ga yadda ake karanta wannan lamba: dubu ɗari da tamanin. Mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke, kuma mata da ƙananan yara galibi a wurin girki abin yake samunsu.

Darasi na 1: Mazaunin wuta

Ko murhu gare ki, ko kurfoti, ko risho, ko gas, abu na farko shi ne ya zauna daram. Kafin ki kunna wuta, ɗora tukunyar da ruwan sanyi a ciki, ki ɗan tura ta da hannu. Ta yi rawa? To, ba a shirya girki ba tukuna. Idan murhu ne, duwatsun nan uku su zama tsayi ɗaya, a ɗan binne gindinsu a ƙasa. Idan kurfoti ne, duba ƙafafunsa, tsatsa tana cinye su daga ƙasa ba a lura ba. Kada a tokare risho da kwali ko ɓallin bulo. Nemi wurin da ƙasa take a daidaice.

Mai gas na kan tebur, teburin ya zama mai ƙarfi, a jingina shi da bango. Kada a shimfiɗa masa leda ko ƙyalle mai lilo, yaro yana ja komai ya biyo. Kada kuma wuta ta zauna a kan hanyar wucewa, misali tsakanin ƙofar ɗaki da randa.

Yanzu ɗauki gawayi. Daga wurin wuta ƙirga taku uku, ki ja layi a ƙasa. Faɗa wa yara masu wayo cewa idan wuta tana ci ba mai tsallake layin nan. Mai rarrafe kuwa bai san layi ba, shi shinge yake buƙata. A kwantar da benci, ko kafinta ya yi wa ƙofar kicin gajeren ƙyaure mai sakata daga sama. Mai hali ya sa mai walda ya zagaye bakin teburin gas da ɗan gajeren ƙarfe, yadda ko tukunya ta zame ba za ta faɗo ba.

Darasi na 2: Mariƙi

Wannan darasi shi ne babba a babin nan. Za mu daɗe a kansa, kada ki gaji.

Mariƙi shi ne dogon hannun kasko ko na ƙaramar tukunya, wanda ake kamawa a ɗaga. Babbar tukunya kunnuwa biyu gare ta, gajeru. Kaskon suya da 'yar tukunyar dafa shayi ko Indomie su ne masu dogon hannu.

Ga ƙa'idar: kin ɗora kasko a wuta, juya mariƙin ya kalli bango. Kada ya leƙo waje.

Yaro mai koyon tsayuwa, duk abin da ya hango a samansa shi zai kama ya miƙe. Daga ƙasa ba ya ganin mai, ba ya ganin wuta. Sanda kawai yake gani ta leƙo daga bakin tebur. Yana ja, kaskon ya kife masa a fuska da ƙirji. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, ƙunar da za ta tsaya wa babba a sama, a jikin yaro ciki take shiga. Babba ma bai tsira ba, gefen hijabi ko ƙugu na iya ɗaukar mariƙin yayin wucewa.

Mu gwada da kasko wanda babu komai a ciki, a kan benci.

1. Ɗora kaskon.
2. Kafin ki saki hannunki, tura mariƙin ya nufi bango.
3. Duba da kyau, kada ya tsaya a saman ɗayar wutar, in ba haka ba zai yi zafi ya ƙona miki tafin hannu. Karkata shi gefe kaɗan.
4. Bi bakin bencin da bayan hannunki, daga wannan gefe zuwa wancan. Idan hannunki ya taɓa mariƙin, bai shiga ba. Ƙara tura shi.

Madalla. Sake yi. Sauke, ɗora, juya mariƙi. Sauke, ɗora, juya mariƙi.

Kowa yana cin wannan a karon farko. Inda ake faɗuwa shi ne tsakiyar suya. Kin kama mariƙin kin jawo shi gabanki domin ki juya wainar ƙwai. Sai aka yi sallama a ƙofa, ko waya ta yi ƙara, ko gishiri yana ɗaki. Kika saki kika tafi, mariƙi yana nan a waje inda kika bar shi. Saboda haka ba lokacin ɗorawa kaɗai ake juyawa ba. Duk sanda hannunki zai rabu da mariƙi, sai ya koma bango tukuna. Ko sau goma kika kama, sau goma za ki mayar.

Wata za ta ce ai ita a ƙasa take girki, ba ta da tebur. 'Yar uwa, naki ya fi kusa da yaro. A murhu ma akwai masu leƙowa: ludayin da aka bari cikin miya, muciya a tukunyar tuwo, cokalin suya, da dogon itacen da ya miƙo har tsakar gida. Yaro ya yi tuntuɓe da itacen, itacen ya ɗaga tukunya, shi ke nan. Cire ludayi ki ajiye a faranti. Sare itace ya zama gajere, ko ki juya bakin murhun ya bar hanya.

Idan gas ɗinki mai kai huɗu ne, yi amfani da na baya, na jikin bango. Na gaba sai in ya zama dole. A na bayan ma, mariƙi ya kalli bango.

Ku faɗa tare da murya: zan saki, na mayar. Rubuta shi a littafinki layi biyar. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta rubuta layi biyu, ya wadatar, gobe za ta ƙara.

Darasi na 3: Zuba, tafasa da saukewa

Ruwa yana tafasa a zafin digiri 100. Man suya yana kaiwa wajen digiri 180, ga shi yana manne wa fata. Ruwan da bai ma tafasa ba, mai digiri 60, ya isa ya ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Kada ki cika tukunya fal. Raba ta uku a idonki, abinci ya tsaya a kashi biyu, kashi ɗaya na tafasa ne. Mai kuwa kashi ɗaya kawai, biyu a bar su. Kifi, dankali ko nama, tsane ruwansu kafin su shiga mai. Ƙullun ƙosai a sauke shi kusa da man a hankali, ba a jefo shi daga sama ba.

Talge da kunu suna tsalle idan sun yi kauri, kuma inda suka sauka nan suke laƙewa. Rage wuta kafin ki kusanto da fuska. Wajen buɗe murfi, ɗaga gefen da ke nesa da ke, tururin ya fita can. Tururi yana ƙuna kamar ruwan da ya fito daga ciki.

Kafin ki ɗaga tukunya, shirya inda za ki ajiye ta. Duba ƙasa, babu ruwa, babu takalmi, babu yaro. Kama da busasshen tsumma mai kauri. Jiƙaƙƙen tsumma yana kai zafi hannu nan take, ki saki tukunyar ba shiri. Ɗaga murya ki ce "ga zafi nan" kafin ki taka. Kada ki miƙa abu mai zafi ta saman kan yaro, kada ki sauke tukunya da goyo a gaba ko jariri a hannu.

Tukunyar da aka sauke ba ta daina hatsari ba. Ranar suna, ranar biki, ko da yamma cikin azumi, za ka ga bokitin kunu a buɗe tsakar gida, manya kowa na hidimarsa, yara na guje-guje, wani ya ja da baya ya faɗa ciki. A rufe, a kai lungu, a sa mutum ɗaya ya tsare. Ruwan wanka da hunturu, fara zuba na sanyi a bokiti sannan ki sirka da na zafi.

Idan mai ya kama da wuta, kada ki zuba ruwa. Na sake faɗa, kada ki zuba ruwa, wutar tashi za ta yi har rufi. Kashe gas ɗin ko rishon, zura murfin ƙarfe ki rufe kaskon, ki bar shi a rufe har ya huce. Kada ki ɗauka ki ruga waje da shi.

Kuma kaskon nan da muke ta magana, ina mariƙinsa? Na leƙa wasu gidaje bayan mun yi darasi na 2, na tarar da shi a waje kamar ba a taɓa faɗa ba. Haba jama'a! Ba kuɗi ake biya ba, ba ƙarfi ake sawa ba. Wadda ta iya haddace bashin adashi na mutum ashirin ba za ta ce wannan ya fi ƙarfin kanta ba. "Ai yanzu zan dawo" ita ce maganar da ake yi kafin a kwana a asibiti. Zan saki, na mayar.

Darasi na 4: Gas da risho

Gas ɗin da ba ya kama da kansa, fara ƙyasta ashana sannan ki murɗa. Kin gama girki, rufe daga kan tukunyar gas ɗin ma. Tukunyar ta tsaya a tsaye, ba a kwantar da ita.

Kin ji warin gas? Kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki. Rufe tukunyar gas, buɗe ƙofa da taga, fitar da yara. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Domin gano inda yake zuba, shafa kumfar sabulu a tiyo da mahaɗa. Inda kumfa ta kumbura, nan ne. Tiyon da ya tsage a sake shi, ba a ɗaure shi da roba.

Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗora girki a kanta, doguwa ce mai ƙaramin gindi. Ba ta babbar tukunya ba ce, ba a tuƙa tuwo a kanta.

Idan za a sayi sabon murhun gas, a tambayi mai shago wanda sai an danna makunnin kafin ya murɗu, da wanda ke tsayar da gas da kansa idan iska ko miya ta kashe wutar. Ana kuma sayar da murfin roba da ke rufe makunni saboda yara.

Ba a ƙara wa risho kananzir yana ci ko yana da zafi. A sayi kananzir a wurin da aka amince da shi, wanda aka gauraya da fetur bindiga yake yi. Kada a zuba shi a robar lemo. A rishon ma, mariƙi bango.

Darasi na 5: Idan an ƙone

Sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, a yi ta kwarara har minti 20. Babu famfo, a zuba da buta. Ba ƙanƙara ba. Cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne a fata a bar ta. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja, gishiri ko toka. Idan ya ɗuri ruwa kada a fasa. Rufe da ƙyalle mai tsabta, sauran jikin yaro kuma a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi.

Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, hannu, gaba ko gaɓa, ko a jikin jariri, asibiti kai tsaye. Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Darasi na 6: Sutura

Ɗaure zani tamau, cire dogon hijabi da gyale, sa ɗankwali. Tufa ta kama da wuta, kada a gudu. A kwanta a yi birgima.

Darasi na 7: Aikin gida

Ja layin gawayi yau. Gwada tiyo da kumfa. Mako mai zuwa kowa ya zo da kaskonsa, za mu sake darasi na 2.