Yadda za ka koya wa yaro karanta alamomin lissafi kafin x ta tsorata shi

Ina koyar da lesin da yamma a nan Unguwar Rogo a Jos, kuma wallahi abin da ya fi ci min rai shi ne yaron da ke taya babansa sayar da dankali a kasuwar Farin Gada, yana ba da canji ba kuskure, amma da ya ga 2x + 3 = 11 a allo sai ya ajiye biro ya ce shi fa bai iya lissafi ba. Ya iya mana! Rubutun ne ya shige masa duhu, don duba dai, 23 ashirin da uku ne, 2½ biyu da rabi, 2x kuma biyu sau x, jeri iri ɗaya ma'ana uku, ga shi a firamare x ɗin nan alamar sau ce, yana shiga JSS1 ta rikiɗe ta koma lambar da ake nema, ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa.

To, kar ka bari ya taɓa biro sai ya faɗi layin da baki, da Hausa: wata lamba ce na ninka ta biyu, na ƙara uku, ta zama sha ɗaya. Sau da yawa kafin ka rufe baki ya ce huɗu. Ai masanin lissafi Al-Khwarizmi ma da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820 da kalmomi zalla ya yi, amfani da x a matsayin abin nema sai a 1637 wani masanin lissafi Bafaranshe, Descartes, ya yaɗa shi.

Inda nake so ka daɗe shi ne alamar =. Yara sun ɗauka tana nufin ga amsa nan tafe. Rubuta masa 8 + 4 = __ + 5 ka gani, in ya cike da 12 to ka gano ciwon. Kai shi wajen mai nama ya kalli sikeli, ɓangare biyu dole su yi daidai, abin da ka cire nan sai ka cire can. Masanin lissafi Robert Recorde da ya ƙirƙiro alamar = a 1557 layi biyu masu tsawo ɗaya ya zaɓa saboda wannan ma'anar. Bar yaron ya lalubo 7 ɗin da za ta cike gurbin da kansa.

−5 kuwa ce masa bashin naira biyar ne, yana kamawa nan take. Alama ɗaya a rana ta isa, ya rubuta ta a bayan littafinsa da fassararta da hannunsa, gobe ka fara tambayarsa ita kafin ku shiga sabuwa.