Kurakuran sabon shiga a rediyon sha'awa mai dogon zango

Na gaji da ganin mutum ya karɓi lasisin rediyon sha'awa (na yin magana da 'yan'uwa masu rediyo a ƙasashe masu nisa) yau, gobe ya kwashe kuɗinsa kaf ya sayi rediyo, jibi ya zo yana kukan Turai ba ta jin sa. Malam, ina eriyarka?

Ni ma ta nan na faɗi. Na sayi tsohon rediyo na hannu, na ɗaura waya daga darbejiya zuwa katanga, ƙasa-ƙasa, ban auna tsawonta ba, ban duba SWR ba (ma'aunin wutar da eriya ke maidowa cikin rediyo), na sakar mata wat 100. Wutar da eriya ta ƙi karɓa ta komo cikin rediyon. Ƙauri na fara ji kafin in gane transistocin ƙarshe sun ƙone. Wata huɗu yana wurin mai gyara, ni kuwa ina cizon yatsa.

Lissafin tsawon wayar ba wuya. Raba 143 da megahaz ɗin da kake so. A zangon da ake kira mita 20, wato megahaz 14, wayar za ta kai kusan mita 10, biyar kowane ɓari, kebul a tsakiya. Yanke ta da rara, ka riƙa datsewa kaɗan-kaɗan. Ɗaga ta sama, mita 10 in da hali, don eriyar da ke kusa da ƙasa sama take harba sigina, ba nesa ba. Ni dai ba na wuce wat 5 sai na ga SWR ya sauka ƙasa da 2.

Sai rashin saurare, wanda ya fi ɓata mini rai. Tasha ta ce tana saurare kilohaz 5 sama da inda take magana, kai kana ta rafka kira a kanta, ka toshe wa duniya kunne. Haba! Yi mako guda kana saurare kawai. Kuma ka sani lambar kira mai farawa da 5N ta Najeriya da 5U ta Nijar nemansu ake yi. Ranar da ka kira, mutane za su yi maka caa. Ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka nemi nesa a zangon mita 40 da tsakar rana, jira dare ko asuba. Rubuta lokaci da UTC, wato agogon duniya, agogonmu yana gaba da awa 1. In FT8 kake yi, wato aika saƙo ta rediyo da kwamfuta, saita agogon kwamfuta, kuskuren daƙiƙa 2 ya isa ya ɓata maka aiki. Shuuu ɗin da ke cika maka kunne, kashe inbatar sola da cajar waya ka ji bambanci.

Da damina kuwa, da zarar hadari ya haɗo nake zare kebul ɗin eriya in jefa shi waje ta taga.