Idan Sitiyarin Motar Gudu Na Rawa In An Taka Birki

Da zarar mota irin su Porsche 911 ko Nissan GT-R ta fara karkarwa a kan birki, abin da kowa ke cewa shi ne faifan birki ya lanƙwashe. Ba kasafai ake samun haka ba. Ƙarfen da kaurinsa ya haura milimita 30 ba ya lanƙwashewa da arha. Galibi kaurin faifan ne ya daina zama ɗaya a kewayensa, wani wuri ya ɗan tashi, wani ya ɗan faɗa, sai fad, wato takalmin birkin da ke matse faifan, ya riƙa kamawa yana saki a kowane juyi. Wanda ya canza faifai bai gano abin da ya jawo haka ba, rawar za ta dawo masa bayan 'yan dubban kilomita.

Fara da gwaji a hanyar da babu cunkoso. Kai gudun kilomita 110 a awa, ka taka birki matsakaici har zuwa 60. In sitiyari na kaɗawa hagu da dama, kaɗawar kuma tana raguwa yadda gudun ke raguwa, matsalar a gaba take. In a kujera ka fi jin ta, duba baya. Rawar da ke zuwa ko ba ka taɓa birki ba, wannan aikin balansin taya ne ko rim ya bugu. Bugun feda mai sauri in an taka da ƙarfi kuwa ABS ne, na'urar da ke hana taya cijewa, ke aikinsa.

Ɗaga motar, ka sa mata madogara mai ƙarfi, kada ka yarda da jak shi kaɗai. Riƙe taya sama da ƙasa ka girgiza: in ta yi wasa, boris ne ko bol-joyin. Riƙe ta gefe da gefe don tayarod. Haska bushin ɗin hannun ƙasa da tocila, domin bushin da ya tsage yana mayar da ƙaramar rawa ta zama babba.

Bayan ka cire taya, dubi fuskar faifan da kyau kafin ka taɓa komai. Za ka iya ganin siffar fad ɗin a kwance a kai kamar an buga hatimi. Wannan alama ce ta an tsaya cik da ƙafa a kan birki lokacin da faifan ke da zafi sosai, kayan fad ya like a wuri ɗaya. Tabo mai duhu ko shuɗi-shuɗi ya fi muni. Idan zafi ya wuce kimanin digiri 650 na ma'aunin Celsius, ƙarfen wurin na rikiɗa ya yi tauri fiye da na kewayensa, ba ya cinyewa tare da sauran, kullum sai ya ƙara tasowa. Faifai mai huji-huji kuma ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Tsagar da ta haɗa rami biyu ko ta kai baki ta gama da faifan.

Awo iri biyu ake yi, kuma ido ba ya iya ko ɗaya. Na farko shi ne yadda faifan ke lilo in yana juyawa. Ɗaure shi a hob, wato mazaunin da faifai da taya ke zama a kai, da dukkan notinsa, da washa a ƙarƙashin kowane noti, a kan ƙarfin ɗaurin da littafin motar ya ce. Kafa ma'auni mai allura, bakinsa na taɓa faifan kamar milimita 10 daga baki, ka juya a hankali sau ɗaya. Yawancin kamfanoni ba sa son ya wuce milimita 0.05. Na biyu kauri: auna da maikromita a wurare takwas ko fiye, duka nisa ɗaya daga baki. Bambancin milimita 0.015 ya isa a fara damuwa, alhali gashin kai ma ya fi shi kauri sau da yawa.

Lilon nan shi ne uwar matsalar. Wurin da ya fi tasowa yana gogar fad a kowane juyi ko ba a taka birki ba, a hankali ya cinye ko ya tara kaya, kauri ya bambanta. Motocin gudu sun fi jin wannan saboda kalifarsu, wato gidan da ke riƙe fad yana matse faifai, a kafe take, mai fistan huɗu ko shida, ba ta da fil ɗin zamewa da zai bi lilon.

In lilo ya yi yawa, kada ka yi saurin ɗora wa faifan laifi. Yi masa alama, cire shi, ka auna fuskar hob, wadda bai kamata ta wuce kamar milimita 0.02 ba. Ɗan ɓurɓushin tsatsa a nan yana ninkuwa kafin ya kai bakin faifai mai faɗin milimita 380. Goge hob ɗin har farin ƙarfe ya fito, kuma kada ka lafta giris a wurin. Mayar da faifan, ka juya shi zuwa ramin noti na gaba, ka sake awo. Sau da yawa akwai zaman da lilon hob da na faifai ke kashe juna.

Gyaran ya danganta da abin da ka gani. Likewar fad marar yawa tana fita da samfefa irin na garnet, a bi da maganin wanke birki. Bambancin kauri sai sassaƙa, wato a aske fuskar faifan da inji, kuma wadda ake yi faifan na jikin mota ta fi, muddin ba za a sauka ƙasa da adadin da aka buga a jikinsa bayan rubutun MIN TH ba. Tabon tauri ba ya jin sassaƙa, zai dawo, canji ne kawai. Faifan kabon-siramik ba a sassaƙa shi sam, wasu ma da nauyi ake gane ƙarewarsu. Canza hagu da dama tare, da sababbin fad, ka kuma lura faifai mai karkatattun hanyoyin iska yana da na hagu da na dama. Tura kowane fistan ka ga yana komawa sumul. Wanda ya cije zai ƙona sabon faifan ma.

Ɗaure notin taya a tsallake-tsallake, ba bi da bi ba, a mataki biyu, da sifana mai awo. Bindigar iska ba ta da wuri a nan. Yawanci tsakanin 110 da 160 Nm ne (ma'aunin ƙarfin ɗauri), amma noti ɗaya na tsakiya irin na Porsche yana neman 600.

Saura zaunar da fad, wanda mutane ke tsallakewa. Ɗumama birkin da 'yan taki masu sauƙi, sannan ka yi taki takwas zuwa goma masu ƙarfi daga gudun kilomita 100 zuwa 15, ba tare da ABS ya shiga ba, kuma kada ka tsaya cik ko sau ɗaya. Ɗan ƙauri zai tashi, ba laifi. Ci gaba da tafiya minti goma ba ka taɓa birki ba har ya huce. In ka duba, fuskar faifan ta zama toka-toka iri ɗaya duk kewaye. Bayan gudu a filin tsere ma haka: zagaye ɗaya na hucewa, ka faka a wuri mai shimfiɗa, ka bar ta a giya, ƙafa kuma a ɗage daga birki.